Sanarwar Bayan Taron Al'ummar Aujara Kan Kasafin Kuɗin Ƙaramar Hukuma, Bunƙasa Sana'o'i Da Samar Da Muhalli Mai Sauƙin Kuɗi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

GABATARWA

Ƙungiyarmu ta 'yan asalin Aujara, mazauna gida da mazauna Dutse, Kano, Kaduna da Abuja, ta gudanar da taron yini guda a garin Aujara da ke Ƙaramar Hukumar Jahun, a Masarautar Dutse ta Jihar Jigawa. An kira taron ne domin a tattauna abubuwa uku da suka daɗe suna ci wa jama'a tuwo a ƙwarya: yadda ake tsara kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, yadda za a tsayar da arzikin da ake nomawa a ƙasarmu ya amfani mutanenta, da yadda mai ƙaramin ƙarfi zai samu wurin sa haƙarƙarinsa ba tare da ya sayar da gonar gado ba.

Taron ya samu halartar dattawan gari, wakilan masu unguwanni, limamai, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, tsofaffin ma'aikatan da suka yi aiki a sassan kuɗi da na ayyuka na ƙananan hukumomi, manoma, makiyaya, 'yan kasuwa, magina, kafintoci, direbobi, 'yan acaɓa, da wakilan mata da na matasa. Tun a buɗe taro aka amince cewa zaman ba na jam'iyya ba ne, kuma ba a kira shi don tuhumar wani mai riƙe da muƙami ba. Bayan addu'a da jawaban masana, an raba mahalarta gida uku, kowane rukuni ya ɗauki batu ɗaya, sannan aka dawo zaure ɗaya aka tace abin da aka kawo.

Jigon da taron ya tsaya a kai shi ne wannan: batutuwan nan uku a ɗaure suke da juna, kuma bakin zarensu yana cikin takardar kasafi. Gyaran kasuwa, yanka fulotai da haƙa magudanar ruwa duk ayyuka ne da ba sa faruwa sai an rubuta su an ware musu kuɗi. Don haka matakin farko shi ne jama'a su san abin da aka rubuta da sunansu, su kuma sa baki kafin a rubuta shi.

ABUBUWAN DA TARON YA LURA DA SU

A. Kasafin kuɗi

1. A tsarin rabon da ake bi yanzu, Gwamnatin Tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na kuɗin Asusun Tarayya, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. A harajin VAT ƙananan hukumomi na da kashi 35. Jahun na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 229,000. Kusan shekara ashirin ke nan da wannan ƙidaya, kowa kuwa ya ga yadda garuruwanmu suka faɗaɗa tun daga lokacin.

2. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira ga kasuwa a watan da ya biyo baya, kuɗin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru sosai. Ana iya ganin haka a kasafin jihar kanta: wanda Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi ya gabatar na 2024 bai kai naira biliyan 300 ba, na 2025 kuwa ya doshi biliyan 700. Sai dai tsofaffin ma'aikatan kuɗi sun ja hankalin taron kada yawan lambobi ya ruɗe shi. Farashin siminti, rodi, gas ɗin janareta da magunguna ya tashi tare da kason, sannan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Albashin malaman firamare, na ma'aikatan lafiya a matakin farko da haƙƙin 'yan fansho su ke fara cin kason ƙaramar hukuma. Abin da ya rage bayan waɗannan shi ne kuɗin aiki, kuma shi ne adadin da ya kamata kowace mazaɓa ta sani.

3. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta tafiyar da su ta hannun kantomomi, domin sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 zaɓaɓɓun shugabanni ya sani. Jigawa ta yi zaɓen ƙananan hukumominta a Oktoban 2024, don haka muna da zaɓaɓɓen shugaba da kansiloli. Taron ya yi maraba da hukuncin, ya kuma lura cewa aiwatar da shi a faɗin ƙasa yana tafiyar hawainiya. Amma ko ta wace hanya kuɗin ya bi ya iso sakatariya, amfaninsa ga talaka ya dogara ne ga ko an san nawa ya shigo da inda aka kai shi.

4. A duk faɗin ƙasar nan, kasafin ƙaramar hukuma shi ne wanda jama'a suka fi ƙarancin sani a kansa, alhali shi ya fi kusa da ƙofar gidansu. Mutum zai ji adadin kasafin tarayya a rediyo ya haddace, amma bai san ko an sa gyaran famfon unguwarsu a kasafin bana ba. A Jigawa, kasafin ƙananan hukumomi yana bi ta Majalisar Dokokin Jiha kafin ya zama doka, don haka takarda ce ta hukuma wadda kowane ɗan ƙasa ke da damar nema. Cikas ɗin shi ne da Turanci ake rubuta ta, cikin lambobi da kalmomin akanta, kuma a lokacin da ta fito an riga an gama yanke shawara.

5. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya fayyace ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da hannu a ilimin firamare, kiwon lafiya da aikin gona. Taron ya ga cewa mafi yawan koke-koken mahalarta suna cikin wannan jeri. Ke nan ba sai an je Abuja ba kafin a magance su.

6. Shigar da jama'a cikin tsara kasafi ba sabon abu ba ne a duniya. Birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya fara shi a 1989, inda mazauna unguwanni ke zama su jera buƙatunsu su fifita wasu a kan wasu, kuma biranen ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A nan gida, shirin Gwamnati da Jama'a da gwamnatin jiha ke zagayawa da shi ƙananan hukumomi ya nuna cewa mutanenmu na da abin faɗa idan aka ba su dama. Abin da ya rage shi ne a sauko da irin wannan zama zuwa matakin mazaɓa, a kuma yi shi kafin a rubuta kasafi.

B. Tattalin arziki

7. Ƙasarmu ta noma ce da kiwo. Muna noma gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi da zoɓo da damina, masu fadama kuma suna yin shinkafa, alkama da kayan lambu da rani. Jigawa na sahun gaba a ƙasar nan wajen riɗi da zoɓo, waɗanda ake fitarwa har ƙasashen waje. Duk da haka, rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa, wanda ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikinsa a Nijeriya, ya sa Jigawa cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Ma'aunin wannan rahoto ya haɗa har da irin ɗakin da mutum ke kwana, ruwan da yake sha da makamashin da ake girki da shi a gidansa.

8. Manoma sun bayyana wa taron inda arzikin ke zurarewa. Da kaka, lokacin da kowa ya kawo amfani kasuwa kuma farashi ya faɗi, a lokacin ne bashin taki, kuɗin 'yan ƙwadago da hidimar aure suke taruwa a kan manomi. Sai ya sayar da riɗinsa yadda ya zo daga gona, da ƙasa da tsakuwa a ciki, mai saye ya rage masa kuɗi saboda dattin. A loda shi a mota zuwa Dawanau a Kano, a can a tace, a auna, a zuba a sabon buhu, a ajiye har farashi ya tashi. Aikin tacewa, ɗinkin buhu, dako da kuɗin sito duk sun tafi tare da motar. Wata huɗu ko biyar bayan haka, manomin da ya sayar da gero da arha shi ne zai koma kasuwa ya auno shi da tsada.

9. Mata sun nuna cewa sana'o'in cikin gida, kamar matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, surfe, turara shinkafa, kiwon awaki da ɗinki, su ke riƙe da gidaje da yawa, amma jarinsu bai wuce na adashi ba, kuma tsadar niƙa na cinye ribar. Matasa kuma sun ce yawancin horon sana'a da aka saba gani yana ƙarewa ne da rabon kaya a rana ɗaya, babu wurin zama a yi aikin, babu wutar da za ta juya injin, babu mai bibiya. Shi ya sa da an gama girbi ake cika motoci zuwa cirani.

10. Aujara na zaune ne a tsakiyar manyan kasuwannin jiha. Shuwarin na ci ranar Litinin, Gujungu ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. A Jahun akwai Babban Asibiti, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin kula da masu haihuwa da masu lalurar yoyon fitsari tun 2008, ga kuma kwalejin koyon aikin lafiya. Mutanen waɗannan wurare duk masu saye ne na abinci, nama, itace, ɗinki da sufuri. Garin da ke da rumfuna masu kyau, sito, ruwa da hanyar da mota za ta shiga da damina zai ci rabonsa a cikin wannan hada-hada.

11. 'Yan kasuwa ba su musanta biyan kuɗin rumfa, na kara ko na tasha ba. Abin da suka ce shi ne, a kasuwannin karkara da dama mutum yakan biya sau biyu ko uku a kan kaya ɗaya, wani lokaci a ba shi guntuwar takarda marar lamba, wani lokaci ko ita ba a bayarwa. Kuɗin da ba a rubuta ba kuwa ba ya shiga kasafi, balle ya dawo kasuwa ya zama rumfa ko banɗaki.

C. Muhalli

12. Taron ya fi daɗewa a kan wannan batu. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatoci sun gina rukunonin gidaje a Dutse, irin su Gida Dubu, Fatara da Ɗanmasara, kuma gwamnati mai ci tana ci gaba da gina wasu. Taron ya yaba da wannan. Sai dai irin waɗannan gidaje an tsara su ne domin ma'aikaci mai albashi da za a riƙa cira a hankali. Manomi, ɗan tireda, bazawara mai marayu da saurayin da ke son yin aure ba sa cikin wannan lissafi, kuma su ne mafi yawan mutanen Aujara.

13. Ko shi ma'aikacin, lissafin bai cika fita ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992 ƙarƙashin Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, ya ba da rance da ruwan kashi 6 har tsawon shekara 30. Mai albashin naira 70,000 zai riƙa zuba naira 1,750 a wata. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, wato albashin wata guda cur bai wuce buhu bakwai ba. Ga sharaɗin takardar mallakar fili da yawancin mutanen karkara ba su da ita, ga kuma batun kuɗin ruwa da ke sa da yawa daga cikin Musulmi su ja da baya.

14. Matsin haya a Dutse, musamman tun bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ya ɗaga farashin fili a garuruwan da ke kewaye. Gonakin bakin gari ana yanka su fuloti-fuloti ba tare da an bar hanya, filin makaranta, maƙabarta ko mashigar ruwa ba. Wasu mahalarta sun ba da labarin yadda suka sayi fili ta hannun dillali da shaidar baki kawai, daga baya magada suka taso, ko aka tarar an sayar wa mutum biyu. A cikin gari kuma gidajen gado sun cika: an raba gida ɗaya sassa huɗu ko biyar, an cinye tsakar gida da turken dabbobi, har wurin haƙa sabon masai ya gagara.

15. Ambaliyar 2022, wadda ta yi mummunar ɓarna a sassan jihar da dama, da ta 2024, sun nuna cewa gidan ƙasa shi ke fara faɗuwa. Magina sun yi wa taron bayani dalla-dalla. Sun ce ruwan sama da ke dukan katanga bai cika kayar da ita ba matuƙar an yi yaɓe kafin damina kuma indararo na zubar da ruwa nesa da gindin gini. Abin da ke kayar da ɗaki shi ne ruwan da ya kwanta a lungu kwana biyu ko uku. Ƙasar gindin katanga ta sha ta yi laushi, gishiri ya ci ta, nauyin azara da rufin ƙasa ya danna daga sama, sai a ji ɗaki ya zauna cikin dare. A da, kowace unguwa tana da kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, kuma nan ruwan unguwar ke gangarawa. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, ruwa ya rasa wurin zuwa sai cikin gidaje.

16. Maginan sun ƙara da cewa maganin bai kai tsadar da ake zato ba. Idan aka yi harsashi da dutse ko bulon siminti aka ɗaga shi kamar layi uku sama da ƙasa, aka shimfiɗa leda mai kauri a kansa don hana danshi hawa, aka ɗora tubali ko bulon ƙasa, sannan aka yi rufin kwano mai baki da ya fito sosai, ɗakin zai yi shekaru, zai kuma fi na siminti zalla sanyi da bazara. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya ta daɗe tana ƙera injin matse bulon jar ƙasa da ake haɗawa da siminti kaɗan. A Jamhuriyar Nijar ma an horar da magina da yawa kan rufin ƙasa mai lanƙwasa da ba ya buƙatar azara, wanda bai yi nisa da bakan gizon da maginan Hausa suka gada ba.

17. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen da aka ayyana a matsayin birni a hannun gwamna, sauran kuma ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma, wadda ke da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, tare da kwamitin ba da shawara kan rabon filaye. Wannan iko ne babba da ƙananan hukumomi ba su cika amfani da shi don amfanin talaka ba. Taron ya gamsu cewa abin da mutumin Aujara ya fi buƙata shi ne fili mai takarda a wurin da ruwa ba ya kwanciya, da hanya da magudana da famfo a kusa. In ya samu wannan, zai gina gidansa da kansa ɗaki bayan ɗaki, kamar yadda iyayensa suka yi.

MATSAYAR TARO

Bayan doguwar muhawara, taron ya cim ma matsaya kamar haka.

Ga Majalisar Ƙaramar Hukumar Jahun, muna roƙo cikin girmamawa:

1. A riƙa yin zaman jin ra'ayin jama'a a kowace mazaɓa kafin a rubuta kasafin shekara, kansila ya jagoranta tare da dagatai da masu unguwanni, a ware wa mata nasu zaman. Kowace mazaɓa ta fitar da buƙatu uku bisa fifiko, a rubuta, a sa hannu.

2. Da zarar kasafi ya zama doka, a fitar da taƙaitaccen bayaninsa da Hausa, boko da ajami, a shafi ɗaya ko biyu: abin da ake sa ran zai shigo, abin da albashi zai ci, da jerin ayyuka da wurarensu da kuɗinsu. A liƙa a sakatariya, ƙofar fadar hakimi, kasuwa da asibiti, a kuma karanta a rediyo.

3. Duk bayan wata uku a bayyana abin da ya shigo daga Asusun Tarayya da na cikin gida, da abin da aka kashe. Kowane aiki a kafa masa allo mai ɗauke da sunan ɗan kwangila, kuɗin aiki da lokacin gamawa.

4. A fifita kammala ayyukan da aka fara a kan buɗe sababbi, a kuma ware kaso na musamman don gyara: famfunan da suka lalace, rufin azuzuwa da yashe kwalbatoci kafin saukar ruwan farko.

5. A haɗe kuɗaɗen da ake karɓa a kasuwa da tasha su zama sanannu, a rubuta su a allo a bakin kasuwa, a ba da rasit mai lamba, a buɗe hanyar biya ta banki ko na'urar POS. A amince da wani kaso na abin da aka tara a kowace kasuwa ya riƙa komawa gyaran ita kasuwar.

6. A sa gina sito na haya da wurin tace riɗi da zoɓo a Aujara cikin kasafi mai zuwa, tare da rumfar masu sana'a mai wutar sola don niƙa, walda da ɗinki, a damƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin gama kai bisa yarjejeniya a rubuce.

7. A fitar da sabon shimfiɗin fulotai a wurin da masana suka tabbatar ba mashigar ruwa ba ne, a fara da buɗe hanyoyi da magudana da rijiyar burtsatse kafin rabo. A biya masu gonaki diyya ta adalci kafin a taɓa gonarsu. A yi rabon a fili, a fifita waɗanda ambaliya ta rushe wa gidaje, zawarawa masu marayu, masu buƙata ta musamman da magidantan da ba su da fili, a yarda su biya kaɗan-kaɗan bayan kowace kaka, a kuma hana sayar da fulotin har zuwa wasu shekaru.

8. A ƙidaya kududdufan da suka rage a gari, a shata iyakarsu, a hana cike su ko gini a kansu, a killace masu zurfi saboda yara.

Ga Gwamnatin Jihar Jigawa da Majalisar Dokokin Jiha:

9. Muna kira da a mayar da zaman mazaɓu da wallafa kasafin ƙananan hukumomi da Hausa su zama doka, yadda ba za su dogara ga halin wanda ke kan kujera ba, a kuma riƙa fitar da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi inda jama'a za su gani.

10. A faɗaɗa shirin gidaje ya wuce manyan birane, ta hanyar tallafin harsashi da kwanon rufi ga masu ginin kansu a garuruwa irin Aujara. Kuɗin gida ɗaya na rukunin gidaje zai ɗaga harsashin ɗakuna masu yawa.

11. Hukumar Gidaje ta Jiha da bankin lamunin gidaje na jiha su fito da tsarin mallakar gida marar kuɗin ruwa, ta hanyar murabaha ko ijara, wanda zai karɓi manomi da ɗan kasuwa ta hannun ƙungiyarsu. A kuma sauƙaƙa kuɗi da matakan samun takardar mallakar fili.

12. A shigar da koyon ginin bulon ƙasa cikin shirye-shiryen horar da matasa, a fara gwada shi a ginin azuzuwa da gidajen malamai da na ma'aikatan lafiya, domin jama'a su gani da idonsu.

Ga Gwamnatin Tarayya da wakilanmu a Majalisar Tarayya:

13. A kammala aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, a kuma daidaita sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, da wannan hukunci. Ayyukan mazaɓu kuma a riƙa tuntuɓar al'umma kafin a zaɓe su.

Ga iyayenmu sarakuna da malamai:

14. Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Dutse, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya umarci hakimai, dagatai da masu unguwanni su buɗe littafin cinikin fili, kada a shaida wani ciniki sai an ga magada da maƙwabtan iyaka. Muna roƙon malamai su riƙa tunatarwa a kan haƙƙin maƙwabci, haƙƙin hanya, raba gado a kan lokaci da falalar waƙafi.

ABIN DA MUKA ƊAUKAR WA KANMU

Taron ya yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma bai dace mu miƙa wa hukuma jerin buƙatu mu koma gefe mu naɗe hannu ba. Saboda haka ƙungiya ta ɗauki alkawarin:

15. Kafa kwamitin bibiyar kasafi da zai ƙunshi tsohon ma'aikacin kuɗi, magini, malamin makaranta, wakiliyar mata da wakilin matasa. Zai nemi kwafin kasafi ta hanyar da doka ta tanada, ya fassara, ya ziyarci ayyuka, ya yaba inda aka yi daidai, ya kai gyara a rubuce inda aka kauce. Ɗan kwamitin ba zai nemi kwangila a ƙaramar hukuma ba muddin yana kan wannan aiki.

16. Kafa kwamitin muhalli da zai bi unguwa-unguwa ya rubuta gidajen da suka faɗi da waɗanda ke dab da faɗuwa, da lungunan da ruwa ke kwanciya, domin buƙatarmu ta tafi da hujja.

17. Farfaɗo da aikin gayya na yashe magudanan ruwa da yaɓen gidajen tsofaffi da marayu kafin kowace damina.

18. Buɗe asusun adashin gini, inda 'yan ƙungiya, musamman mazauna birane, za su riƙa zubi don sayen injin bulon ƙasa da ba da rancen kwano da siminti ba tare da ruwa ba. Za a karanta lissafin asusun a gaban kowa a duk babban taro, domin abin da muke nema daga hukuma ya kamata a fara ganin sa a wurinmu.

19. Wayar da kan 'yan kasuwa da direbobi su biya kuɗin da doka ta ɗora musu, su kuma ƙi biya in babu rasit.

GODIYA DA MATAKI NA GABA

Taron ya gode wa dattawan gari, masanan da suka gabatar da bayanai ba tare da karɓar ko sisi ba, matan da suka ɗauki nauyin abinci da matasan da suka shirya wuri. An yi addu'a ga waɗanda suka rasu a ambaliyar shekarun baya, da roƙon Allah ya ba shugabanninmu ikon sauke amanar da ke wuyansu.

An umarci sakatariyar ƙungiya ta miƙa kwafin wannan sanarwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Jahun, kansilan mazaɓar Aujara, ɗan majalisar jiha mai wakiltar Jahun, Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi, ma'aikatar da ke kula da filaye da gidaje, da fadar hakimi. Kwamitocin biyu za su gabatar da rahotonsu na farko kafin faɗuwar damina mai zuwa. Ƙungiya za ta sake zama kafin a fara rubuta kasafin baɗi, inda za a bi waɗannan ƙudurori ɗaya bayan ɗaya a ga wanda aka aiwatar, wanda aka fara da wanda ba a taɓa ba, har da waɗanda muka ɗora wa kanmu.

Allah ya taimaki Aujara, ya taimaki Jahun, ya taimaki Jihar Jigawa da Nijeriya baki ɗaya.

Sa hannu:

Shugaban Taro

Sakataren Taro

Shugaban Kwamitin Rubuta Sanarwa

A madadin ɗaukacin mahalarta